Ziyarar masaƙa a ƙasar Malam Madori: sana'ar da ke jiran iyaye mata



A gidaje da yawa na ƙasar Haɗejiya, idan tsohuwa ta rasu aka zo rabon kayanta, akan tarar da wani zane a can ƙasan adaka. Mai kauri ne, mai nauyi, an harhaɗa shi da ɗinkin hannu. Atamfa da leshi kowa na so. Shi kuwa sai a yi ta tura wa juna, daga ƙarshe ya koma abin shanyar gero ko a yayyanka a yi tsumma. Alhali irinsa ne aka goyi iyayenmu da shi, irinsa ne aka kai kakanninmu ɗakin miji da shi.

Shin har yanzu akwai masu saƙa irin wannan zane a yankinmu? Akwai, sai dai sun yi ƙaranci ƙwarai. Wata mai jego ce ta zo rigakafi a asibitin da nake aiki, da sabon majanyi saƙaƙƙe a ƙugunta, fari mai ratsin baƙi. Da na tambaye ta inda ta samo, ta ce ƙanin kakanta ne ya saƙa mata, a wani ƙauye da ke ƙasar Malam Madori. Ranar da nake hutu na nemi rakiyarta muka je.

A rumfar masaƙa

Duk wadda ta ji an ce masaƙa ta zaci za ta ga gini da injuna, to ba haka abin yake ba. Rumfa ce ta kara a gindin bishiyar maina, a ƙofar gida. Gurbin mutum huɗu ne a jere, amma ɗaya kaɗai ke da mai shi. Sauran ukun dirkokinsu na nan a kafe, gara ta fara cin gindinsu.

"Sannu da aiki, Baba."

"Yawwa, sannu 'yata. Ke ce malamar asibitin? Bismillah, ga tabarma."

Bai tsayar da aikin ba. A gabansa zare ne dogo a miƙe, ya fita daga rumfar ya ratsa fili, an ɗaure ƙarshensa a jikin wani katako da aka ɗora wa dutse. Wannan shi ne kunkuru. An ba shi sunan ne saboda yadda yake jan ciki a hankali yana matsowa wurin masaƙi yayin da saƙa ke ci gaba. Nauyin dutsen ne ke sa zaren ya tsaya a miƙe.

Ƙafafunsa na kan sanduna biyu, wato takala. Idan ya taka ɗaya, sai allira ta ɗaga rabin zaren sama ta bar rabi a ƙasa, hanya ta buɗe a tsakani. Ta nan yake cilla ƙoshiya, wani ɗan katako mai siffar kwalekwale da zare a cikinsa. Ya cafe da ɗaya hannun, ya jawo matsefi ya doke zaren ya zauna daram, ya taka ɗaya takalar, ƙoshiya ta dawo. Ƙafa biyu da hannu biyu kowa da aikinsa, bakinsa kuma na hira da mu.

Abin da ke fitowa ɗan siririn ƙyalle ne, faɗinsa bai wuce tafin hannu ba. Shi ake kira ƙwarya. Yana naɗe shi a jikin sanda da ke daidai cikinsa. Sai an gama a yanka shi daidai tsawon da ake so, a jera, a ɗinke gefe da gefe, sannan ya zama zane ko gwado ko luru. Shi ya sa a da ake auna darajar riga da yawan ƙwaryarta.

Kafin a kai ga wannan zaman akwai wadari, wato jera zaren a ƙasa ana kewaya turaku da shi, ana lissafin fari nawa baƙi nawa. A nan ake tsara adon zane tun ba a fara saƙa ba. Idan aka yi kuskuren lissafi a wadari, haka kuskuren zai bi zanen daga farko har ƙarshe. Bayan nan sai a zura kowane zare ɗaya bayan ɗaya ta cikin allira da haƙoran matsefi. Wannan aikin yanzu wani jikansa ɗan firamare ne ke yi masa, domin idonsa ya daina ganin na kusa.

Na tambaye shi inda abokan aikinsa suka tafi. Ya ce biyu sun riga mu gidan gaskiya, ɗaya ya bari.

"'Ya'yanku fa, Baba?"

"Suna fadama. A da idan an gama girbi, rani na saƙa ne. Yanzu rani na shinkafa ne da alkama da tattasai. Ba zan hana yaro inda zai samu ba."

Gaskiyarsa. Tun da noman rani ya bunƙasa a fadamun Kogin Haɗejiya, irin na Auyo da kewaye, watannin da magidanci ke zama a rumfa sun zama watannin ban ruwa. Wanda bai je fadama ba ya ɗauki babur ko ya tafi birni.

Zaren na mata ne

Da na duba zaren da yake aiki da shi, na ga na kanti ne, irin wanda ake sayowa daga Kano. Na ce ina zaren gida? Ya yi dariya ya ce in shiga ciki in tambayi yayarsa, ita ce ta san inda ya tafi.

Iya ta haura shekara tamanin bisa ga lissafin 'yan gidan. Ta sa aka ɗauko mata wata tsohuwar taskira, ta zazzage kayan a gabana: mazari da gululunsa na yumɓu, ɗan guntun alli, ɗan baka na shiɓa, da siririn ƙarfen gurza.

Ta bi da ni mataki mataki. Da farko gurza: a ɗora auduga a kan magurji, a murza ƙarfe a kai har angurya ta fita. Sai shiɓa: a sa tsirkiyar bakan a cikin audugar ana fizga, har ta tashi ta yi laushi kamar kumfa. Sannan kaɗi: auduga a hannun hagu, mazari a dama, a shafa alli a yatsu don kada su yi santsi, a murza mazari yana juyawa, zare na fita. Zare iri biyu ake kaɗawa. Akwai siriri mai ƙarfi wanda ake wadari da shi, akwai abawa mai kauri da laushi wadda ƙoshiya ke ɗauka.

"'Yar nan, da wannan na yi wa 'ya'yana mata uku kayan ɗaki," in ji ta, tana juya mazarin a tafin hannunta.

Wannan magana ta tsaya mini a rai. Muna yawan ɗaukar saƙa sana'ar maza ce, domin su ake gani a rumfa. Amma kaɗi ya fi saƙa cin lokaci nesa ba kusa ba, sai mata da yawa sun kaɗa kafin masaƙi ɗaya ya samu abin aiki. Matar da ke cikin kulle ba ta fita, amma zarenta na fita. Yara su kai kasuwa, kuɗi ya dawo hannunta, ta yi adashi, ta sayi kwalla da tasa, ta sayi akuya. Kuɗinta ne na kanta.

Mata ma suna da tasu saƙar. Tasu ta tsaye ce, ana jingina itatuwan da bango a cikin ɗaki ko rumfar tsakar gida. Ƙyallen da ke fita ya fi na maza faɗi sosai, biyu ko uku sun isa zane. Iya ta ce mahaifiyarta ta iya, ita ba ta koya ba, kuma yau babu mai yi a duk ƙauyen.

Zare daga hannun mata yake fitowa, zane kuma jikin mata yake komawa. Masaƙi a tsakiya yake.

Yadda aka yi aka zo nan

Ba ƙaramar sana'a ba ce ta lalace. A 1851 Bajamushen nan matafiyi, Heinrich Barth, ya sauka a Kano. Ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa ana rinawa a ƙasar Kano suna kaiwa har Tarabulus ta arewa da Tambutu ta yamma, ya kuma ƙiyasta abin da ake fitarwa waje duk shekara a kan aƙalla wuri miliyan 300. A Barno maƙwabciyarmu har kuɗi aka yi da ƙwaryar saƙa, ana kiranta gabaga. Garin Kura ya yi suna da turkuɗi, baƙin yadi mai sheƙin shuni da Buzaye ke naɗawa. Marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da 1498, tana nan har yau. Duk wannan ciniki a kan mazarin mata irin su Iya ya tsaya.

Sai Turawa suka zo da tasu buƙatar. A 1902 aka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga ta Ingila, burinta a samar wa masaƙun Manchester ɗanyar auduga. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, layin da ya tashi daga Kano ya bi ta Ringim da Malam Madori ya kai Nguru a 1930. Tashar Malam Madori ta zama ƙofar ƙasar Haɗejiya. Jirgi ya kwashi amfanin gona ya yi kudu, ya dawo da akoko da atamfa. A garuruwan bakin layin dogo, kantunan Turawa irin su UAC da John Holt suka cika da yadi mai sauƙin kuɗi, mai laushi, mai launi kala-kala. Wace amarya ce za ta gani ta kau da kai?

Daga baya muka kafa namu masaƙun na zamani. Kamfanin Kaduna Textiles ya fara aiki a 1957 zamanin Sardauna, wasu suka biyo baya a Kaduna da Kano. Zaren inji ya yi arha, ya fi na hannu daidaito, masaƙa suka koma kansa. Daga nan aka rataye mazari. Wadda ta fara rasa sana'a a wannan labari ita ce mace.

Abin mamaki, manyan masaƙun da suka danne na gargajiya su ma ba su tsira ba. Rashin wuta da kwararowar yadi daga waje suka durƙusar da su, Kaduna Textiles ta rufe a 2002. Yau yawancin abin da muke saya a Kantin Kwari daga ƙetare yake zuwa, musamman Sin. Shi kuwa Baba yana nan a rumfarsa, domin ba ya jiran wuta, ba ya sayen man inji. Abu ɗaya yake jira: mai saye.

Abin da idon ma'aikaciyar jinya ya gani

Ba zan ce muku zanen saƙi magani ba ne. Amma tufafin da ke taɓa fatar yaro abin lura ne, kuma muna ganin haka a wurin aiki.

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin yankinmu ke kai maƙura, yara da yawa na zuwa da ƙurajen zafi a wuya da baya da ƙirji, wasu har matsematsinsu ya saɓule. Idan ka duba sai ka ga an goya yaro da yadin roba, an kuma lulluɓe shi da hijabin roba. Roba ba ta shan gumi. Gumin na kwanciya a fata ya toshe ƙofofinsa, ƙuraje su feso. Auduga kuwa tana tsotse gumi, iska na ratsa ta.

Na biyu, wuta. Yawancinmu da itace ko gawayi muke girki, sau da yawa da goyo a baya. Auduga ma tana cin wuta, kada a yi sakaci. Amma yadin roba narkewa yake yi ya manne a fata, ƙunar ta yi zurfi.

Na uku, santsi. Duk mai goyo ta san wahalar zanen da ke zamewa, kina tafiya kina gyara. Saƙar hannu tana da kaushin da ke sa ɗauri ya kama. Wannan na da amfani musamman ga bakwaini. Akwai hanyar kula da su da aka fara a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya a 1978, ana kiranta goyon kangaru: a kwantar da jariri a ƙirjin uwa, fata na taɓa fata, a ɗaure shi da zane, ɗumin jikinta ya riƙe shi. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a fara yin haka nan take bayan haihuwa ga bakwaini da jaririn da nauyinsa bai kai kilo 2.5 ba. Abin da ake buƙata zane ne mai tsabta da ke riƙe ɗauri. Idan Allah ya ba ki irin wannan jariri, ma'aikatan asibiti za su nuna miki yadda ake ɗaurin, kansa a juye gefe, hanci da baki a buɗe.

Sai dai a kiyaye abu uku. Sabon saƙi yana da kaushi, bai dace ya taɓa fatar sabon jariri kai tsaye ba. A sa ƙyallen auduga mai laushi a ciki, ko a yi amfani da wanda ya sha wanki. Wanda aka rina da shuni yana zuba, a wanke shi har sai ruwan ya fita fes kafin a goyi yaro da shi. Sannan ba duk saƙar hannu ce auduga ba, domin masaƙa da yawa yanzu da zaren roba suke aiki, ya fi arha kuma ya fi ƙyalli.

Gane bambancin ba shi da wuya. Ki zare ɗan zare daga gezar zanen, ki riƙe shi nesa da jikinki da yara, ki kusanta masa ashana. Auduga za ta ci da ƙaurin takarda, ta bar toka mai laushi. Roba za ta ƙanƙance ta dunƙule ta yi tauri, da warin leda.

Shi ma Baba na duba shi da idon aikina. Raunin ganin kusa da ke damunsa abu ne da ke samun kusan kowa bayan shekara 40, kuma sau da yawa tabaran karatu kaɗai ke gyara shi. Na roƙi 'ya'yansa su kai shi sashen ido a auna, a tabbatar ba yana ba ce ko hawan jinin ido. Tsofaffi nawa ne suka ajiye saƙa da ɗinkin hula da karatun Alƙur'ani saboda rashin ɗan tabarau? Ki duba na gidanku.

Waɗanda suka riƙe nasu

Yadin waje ba mu kaɗai ya shigar wa ba. Ya shiga ƙasar Yarabawa ma, amma masaƙan Iseyin da Ilori suna nan suna aiki, domin bikin Yarabawa ba ya cika sai da ashoke. A Gana, kente ya zama tufafin alfahari, har hukumar UNESCO ta sa saƙarsa cikin jerin al'adun duniya a 2024. A Burkina Faso, Thomas Sankara ya sa ma'aikatan gwamnati sanya saƙar gida da suke kira Faso Dan Fani, kuma yawancin masu saƙa ta a yau mata ne.

A duk wuraren nan ba tausayi ne ya raya sana'ar ba, ciniki ne. An ware wa saƙar gida wata rana da wani matsayi wanda yadin kanti ba ya cikewa.

Mu ma muna da irin waɗannan ranaku. Amarenmu na ɗaura ashoke ranar biki, kuma yana yi musu kyau. Wasu sun fara sa saƙi ranar kamu, amma sau da yawa na haya ne, ko kuma yadin inji da aka buga wa zanen saƙi. Wato sha'awar na nan, kuɗin ne ba ya isa rumfar masaƙi.

Hannun matan yankinmu kuma bai mutu ba. Ga masu saƙa tabarma da faifai da kabar da ake yankowa a fadamun Haɗejiya zuwa Nguru, ga masu ɗinkin hula a kowace unguwa. Yatsun da suka iya waɗannan za su iya mazari, za su iya saƙar tsaye, in akwai mai koyarwa da mai saye.

Me uwa za ta iya yi?

Ba sai mun jira gwamnati ba. Su wa ke rubuta jerin kayan lefe? Su wa ke haɗa kayan ɗaki da kayan barka? Mu ne.

A cikin akwatunan lefe a sa zanen saƙi ko da ɗaya ne. A kayan ɗakin amarya a sa gwado ko luru, zai yi mata amfani da hunturu shekara da shekaru. Idan za ki barka, maimakon ƙarin rigar jarirai a kan guda ashirin da aka riga aka kawo, ki kai majanyi saƙaƙƙe.

Ki ba da aikin da wuri, domin saƙa ba ta son gaggawa. Ki faɗa wa masaƙi zaren auduga kike so, ki ba shi kuɗin zaren tun farko, yawancinsu ba su da jari. Idan kun haɗu ku biyar ko goma 'yan adashi ɗaya kuka ba da aiki tare, wadari ɗaya zai yi muku duka, ya fi masa sauƙi, ku ma ya fi muku. Idan ya faɗi kuɗinsa, ki tuna kwanakin da zai yi a zaune kafin ki fara tayi. In babu masaƙi a kusa da ke, ki tambayi dillalan tsofaffin kaya a kasuwar garinku, ko masu zuwa Kasuwar Kurmi a Kano. Ƙasar Minjibir ma an san ta da masaƙa.

Wajen wanki, ruwan sanyi da sabulu marar ƙarfi sun isa. Kada a jiƙa shi ya kwana, kada a sa masa bilic, mai shuni a wanke shi shi kaɗai a shanya a inuwa. Yana ƙara laushi da kowane wanki.

Idan kuma akwai tsohuwa a danginku da ta iya kaɗi, kada ki bari sai an jima. Ki samo mata auduga ko da cikin faifai ne, ki zaunar da 'ya'yanki mata a gabanta, ki ɗauka da wayar nan da ke hannunki. Ki tambaye ta sunan kowane abu da ke cikin taskirarta, ki rubuta.

Jikan nan da ke zura wa Baba zare ya riga ya iya taka takala, na gani da idona. Ko zai zauna a ɗaya daga cikin gurabun nan uku da babu kowa, ko zai bi yayyensa fadama, ya danganta da ko zai ga kakansa na samun abin cefane da sana'ar. Kyan ɗa ya gaji ubansa, amma ba a gadon yunwa.

Allah ya raya mana zuri'a, ya sa albarka a sana'o'inmu.